Ƙarfe ya ƙwace a injin huda ya yanki yarona, wane irin mariƙi zan haɗa?

Wani mai walda da ke da shago a Dakata cikin Kano ne ya aiko da tambayar. Yana da ƙaramin injin huda na kan benci, mai gudu biyar da motar lantarki mai wat 370. Da shi suke huda guntayen filat-ba, wato shimfiɗaɗɗen sandan ƙarfe, na maƙalan ƙofa, wani lokaci guda 200 a yini. Kowane guntu tsawonsa milimita 150, faɗinsa 40, kaurinsa 6, ana yi masa rami biyu na milimita 10, kowanne milimita 25 daga ƙarshe. A makon jiya ƙarfe ya ƙwace daga hannun yaronsa, ya tsaga masa tsakanin babban yatsa da manuni, sai da aka yi ɗinki. Akwai bais, matsen nan da ake murɗawa ya damƙe ƙarfe, a shagon, amma yaran sun ƙi amfani da shi, wai yana ɓata musu lokaci. Yana so a nuna masa yadda zai haɗa abin da zai riƙe ƙarfen.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa iyakarsa ke nan.

Zan fara da maganar da ba lallai ta yi maka daɗi ba: yaranka ba ƙarya suka yi ba. Bais yana ɓata lokaci a irin wannan aiki. Kowane guntu sai an buɗe, an saka, an daidaita shi kada ya nutse, an murɗa, sannan a ja bais ɗin a laluɓo inda aka buga fanci, wato ɗigon alamar rami. Rami 400 a yini, yaron da ake jira ya gama kafin la'asar ba zai bi wannan hanya ba ko ka rantse za ka kore shi; kana juya baya zai koma riƙewa da hannu. Kuma bais ɗin da aka ɗora a tebur ba a ɗaure shi da noti ba, shi ma ƙwacewa yake yi, sai dai ya fi guntun ƙarfe nauyi in ya bugi mutum. Don haka ma'aunina guda ne: mariƙin da bai fi hannu sauri ba, ƙarƙashin benci zai ƙare, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. Duk abin da zan faɗa a nan, a kan wannan na gina shi.

Ka tambayi yaron a wane lokaci ƙarfen ya ƙwace. Ban ga abin ba, amma kusan na san amsar: daidai lokacin da bakin diril ya kusa ɓullewa ta ƙasa. Mutane za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ban musa ba, amma wannan tsautsayin yana da lokacin da yake zuwa kuma an san dalilinsa. Muddin bakin yana cikin naman ƙarfe, danna shi yake yi ƙasa da ƙarfi. Da baki mai milimita 10 dannawar tana iya kai kilo 100. Ita ce take manne guntun da tebur, ba hannun yaron ba. Shi dai ya ɗora hannu yana zaton shi ke riƙe. Da tsinin ya leƙo ta ƙasa sai turjiyar ta ɓace nan take, hannun da ke jan injin ya zurma, leɓɓan bakin guda biyu su cafki ɗan siririn naman da ya rage a gefen ramin a lokaci ɗaya. Daga nan bakin ya daina yanka. Murɗaɗɗen kwarin nan da ke jikinsa, wanda Ba'amurke Stephen Morse ya yi wa rajista a 1863, amfaninsa shi ne fito da ɓarɓashi sama, to shi ɗin ne kuma yake jan guntun ya hau jikin bakin kamar yadda noti yake hawa bol. Ƙarfe ya rabu da tebur, babu abin da ya tokare shi, sai juyi.

Bari mu ɗan yi lissafi, don na lura yara sun fi jin lamba a kan faɗa. Motarka a kan juyi 600 a minti tana ba da murɗa kamar ka rataya kilo 6 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 10, in bakin ya cije kuwa takan fi haka kafin bel ya zame ko motar ta tsaya. Hannun da ya danne guntu da kilo 15 a kan teburin da mai ya jiƙa, abin da yake hanawa na zamewa bai wuce kilo 2 ba, domin ƙarfe a kan ƙarfe mai maiƙo kusan kashi ɗaya cikin goma na dannawa ne kawai yake zama kamu. Sauran, yatsu ne za su tare shi. Juyi 600 a minti kuma juyi 10 ne a daƙiƙa guda. Kafin ido ya gani, hannu ya janye, kusan rubu'in daƙiƙa ya wuce, guntun ya riga ya zagayo sau biyu da rabi. Babu zafin naman da ke tsere wa wannan. Da sanda ce mai rabin mita, ƙarshenta zai yi gudun da ya haura kilomita 100 a awa, kuma daidai cikin mutum take wucewa. Ina da tabo a bayan hannun hagu tun ina koyo a wani wakshof a Bompai. Guntun tagulla ne da bai fi tafin hannu ba, kuma a ranar ni ma cewa na yi rami ɗaya ne kawai.

Abu uku ke nan mariƙi zai yi maganinsu: dannawa ƙasa, murɗawa, da fizga sama. Kuskuren da na fi gani a shagunan garin nan shi ne a ɗora wa matsi dukkan ukun, a yi ta ƙara wa sifana fayif ana murɗa noti har zare ya lalace. Kowanne da mai ɗaukarsa. Dannawa ƙasa, mazauni ne zai ɗauke ta. Murɗawa, matokari ake ba ta, wato dunƙulen ƙarfe tsayayye da guntun zai jingina da shi tun kafin a kunna inji. Matsi aikinsa ya hana guntun tashi, ya kuma riƙe shi manne da matokaran. In ka raba aikin haka, matsin ba ya bukatar ƙarfin ƙato, kuma daga nan saurin yake fitowa.

A ina matokarin zai zauna? Tsaya gaban injin ka kalli tebur daga sama: bakin yana juyawa irin juyin agogo. Abin da ke hagunka zai tafi baya wajen turken injin, abin da ke damanka zai taho wajen cikinka. Saboda haka doguwar jelar ƙarfe a hagu take zama, matokari kuma a bayanta. A guntunka jelar milimita 125 ce daga rami, matokarin da ke ƙarshenta kilo 5 kacal zai ɗauka. Juya shi, ka bar jelar a dama, sai ya zama milimita 25 ne kawai ke tokare, nauyin ya ninka biyar, jelar kuma tana kallon cikin yaro. Tun yau, kafin ka sayi komai, ka zura bol mai milimita 10 a tsagar teburin ta hagu ka ɗaure shi da noti, a riƙa jingina guntun da shi. Bai hana fizga sama ba, amma ya hana zagayen nan da ke yanka.

Yanzu haɗin. Ka shiga Ƙofar Ruwa ka nemi ragowar filet, wato farantin ƙarfe, mai kaurin milimita 10 ko 12, kamar 250 faɗi da 200 zurfi. Ba sai sabo ba, amma ka ɗora masa ƙarfen awo ka tabbata bai kumbura ba. Kafin a yanka maka, ka auna tazarar da ke tsakanin tsinin bakin da turken injinka, don ƙananan injuna wuyansu gajere ne, kuma rabin kayan da za mu ɗora a bayan guntun za su zauna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo; lambobin da zan ba ka ka gyara su daidai da injinka. Filet ɗin zai sami ramuka biyu da suka dace da tsagogin tebur, da rami mai milimita 14 daidai ƙarƙashin bakin, inda tsini zai faɗa ba tare da ya ci komai ba.

Kada ka kwantar da guntun kai tsaye a kan filet. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani, kuma ita aka fi tsallakewa. Ka gitta 'yan guntayen filat-ba uku masu kaurin milimita 6, su zama matasai: ɗaya a ƙarƙashin ƙarshen dama, ɗaya kamar milimita 35 zuwa 40 hagu da rami, ɗaya a can ƙarshen jela. Amfaninsu biyu. Ɓarɓashi yana zuba a tsakaninsu maimakon ya shiga ƙarƙashin guntu. Ƙwaya ɗaya ta ɓarɓashi ta isa ta ɗaga ƙarfe, matsi ya kama iska, rami ya karkace. Na biyu, ramin farko yakan bar kaifi a ƙasansa, in an juya guntun don rami na biyu wannan kaifin zai rataya a fili tsakanin matasai, bai hana zama ba. Yaro ba sai ya tsaya goge kowane guntu da magagari tsakanin rami da rami ba.

A baya kada ka sa doguwar katanga. Dunƙule biyu za ka sa, masu tsayin milimita 20, ɗaya kusa da rami, ɗaya kusa da ƙarshen jela, fuskarsu milimita 20 daga tsakiyar bakin, tunda rabin faɗin guntun ke nan. Sai dunƙule na uku a ƙarshen dama, milimita 25 daga tsakiyar bakin. A littattafan makaranta wannan shi ake kira ƙa'idar 3-2-1: mazauni uku a ƙasa, biyu a dogon gefe, ɗaya a ƙarshe. Ba wani abin mamaki ba ne, murhu ma duwatsu uku ne tukunya take zama daram. Doguwar katanga tana tara ɓarɓashi a kusurwa, kuma in filat-ba ɗin yana da ɗan lanƙwasa, yau ya taɓa nan gobe ya taɓa can. Dunƙule biyu kullum a wuri biyu suke taɓawa.

Na san hannunka yana ƙaiƙayin walda, amma ka ɗan danne shi. Zafin walda yana jan filet ya lanƙwashe, kuma dunƙulen da aka like in ya goce da milimita ɗaya sai an sa giranda. Dunƙulan baya da na ƙarshe ka ɗaura su da bol mai milimita 8, biyu-biyu. Ka huda filet da baki mai 6.8 ka yi masa zare da taf, ƙarfen nan da ke yanka zare a cikin rami. Matasan kana iya ɗiga musu walda a ƙarshe-ƙarshe, ɗigo kaɗan, ka bari ya huce kafin na gaba, sannan ka bi samansu da magagari har su zama tsayi ɗaya.

Matsin kansa, wanda ya fi sauƙin haɗawa a shago shi ne na harshe: guntun filat-ba mai faɗin 40 da kaurin 12, tsawonsa kamar 130, da tsaga a tsakiya. Bol mai milimita 10 yana tsaye a jikin filet a bayan guntun, tsakanin dunƙulan nan biyu, ramin zarensa da baki mai 8.5 ake huda shi. Harshen yana ratsa bol ɗin, gabansa ya sauka a tsakiyar faɗin guntun, bayansa ya hau kan wani dunƙule da nake kira dunduniya. Nan akwai abubuwa uku da ba a sassauta musu. Gaban harshen dole ya sauka daidai saman matashi na tsakiya; in ya sauka inda babu komai a ƙasa, lanƙwasa guntun zai yi, ana sakinsa ya miƙe da karkataccen rami. Bol ɗin dole ya fi kusa da aiki a kan dunduniya. In yana tsakiya daidai, rabin ƙarfinsa ne ke isa ga aiki. In tazararsa da aiki 35 ce, da dunduniya 70, kashi biyu cikin uku ne ke isa. In ka juya lissafin, dunduniyar kake matsewa, aikin yana samun saura. Sannan dunduniya ta yi tsayi ɗaya da saman guntun, ko ta ɗara shi da ɗan kaɗan. In ta gaza, harshen zai kama gefen ƙarfe da cikinsa, ya riƙa tura shi waje.

Saurin yana cikin ƙananan abubuwa biyu. Ka zura sifirin a jikin bol ɗin ƙarƙashin harshe, yadda ana sassauta noti harshen zai ɗaga da kansa. Ka kuma like wa notin hannu mai tsawon santimita 10, da washa mai kauri a ƙarƙashinsa, don kada a riƙa neman sifana. Zaren bol mai milimita 10 yana tafiyar milimita 1.5 a kowane zagaye, rabin zagaye ke nan ya ba da 0.75, ya ishi guntu ya zare. Kada ka raina ɗan gajeren hannun nan. Yaro ya ja shi da ƙarfin kilo 5, bol ɗin zai ja kusan kilo 250, sama da 160 su sauka a kan aiki. Ka kwatanta da kilo 15 na tafin hannu. Da gangan na ce santimita 10. Ka ba su dogon hannu, cikin mako guda za su lanƙwasa harshen. Bol ɗin kuma ka nemi wanda aka buga wa 8.8 a ka, domin sau 400 za a murɗa shi a yini, mai laushi ba ya kai wata.

In aljihu ya yarda, akwai kilam, wato matsi na sayarwa, mai hannu da ake dannawa sau ɗaya ya kulle, irin wanda gwiwarsa ke wuce tsakiya ta tsaya; ka duba wajen masu kayan aiki a Sabon Gari. Ya fi noti sauri nesa ba kusa ba. Aibinsa shi ne kauri ɗaya ya sani. Filat-ba ɗin kasuwarmu kuwa, abin da aka ce maka 6 ne wani lokaci ka auna ka ga bai cika ba, sai kilam ɗin ya kulle alhali bai matse ba, hannun ya ba ka amsar ƙarya. Duk sabon kaya da ya shigo, a sake saita ɗan bol ɗin bakinsa. Noti ba ruwansa da wannan, shi ya sa ni na fi natsuwa da shi a hannun yara.

Saita shi sau ɗaya ne. Ka auna guntu guda da kyau, ka buga masa fanci, ka matse shi a mariƙi, inji a kashe ka sauko da tsini har ya zauna a cikin alamar, sannan ka ɗaure filet da tebur da bol biyu, ka kulle teburin a jikin turke. Daga nan an gama da awo da alli da fanci. Yaro ya turo guntu daga hagu har ya bugi dunƙulen ƙarshe, ya ja noti da hagu, ya ja inji da dama, ya saki, ya juya guntun. Ka ga inda aka ci riba: duk lokacin da ake kashewa wajen zana guntu 200 ya dawo aljihunka. Ranar farko ka sa agogo, mutum ɗaya ya yi 20 yadda suka saba tun daga awo, wani ya yi 20 da mariƙi. Ba za ka sake yin wa'azi ba.

Wata tambaya da ba ka yi ba amma za ta taso: me ya fi muhimmanci a aikin, nisan rami daga ƙarshe ko nisan rami da rami? In yankanku ba ya fita daidai, wani guntu 149 wani 152, juyawa daga ƙarshe zai sa tazarar ramukan ta riƙa bambanta. Maganinsa turken fil. Ka huda duk ramukan farko tukuna, sannan ka cire dunƙulen ƙarshe, ka dasa fil da ya ɗan gaza milimita 10, mai gogaggen kai, milimita 100 hagu da bakin. Ramin farko ya hau fil ɗin, na biyu ya fito daidai ko da yaushe. Fil ɗin kuma ya zama matokarin da babu kamarsa. Amma fa ka cire dunƙulen. In ka bar su biyun, ka ba guntu iyayengiji biyu, ba zai zauna wa kowa ba.

Ba tare da fanci ba, baki mai kusurwar digiri 118, wanda shi ne gama-gari, yakan ɗan yi yawo a kan ɓawon ƙarfe kafin ya kama. A maƙalin ƙofa wannan ba komai ba ne, musamman in ka sa gajeren baki. Tsohon da ya karye aka sake wasa shi ya fi sabo tsayuwa. In aiki ya bukaci daidaito, sai ka ƙara hannu daga baya mai ɗauke da bushi, wato ɗan bututun da bakin zai ratsa, mai injin lez ya fere maka shi da ƙarfe mai tauri. Ka bar fili tsakanin bushin da aiki kamar kaurin bakin zuwa ɗaya da rabi, wato milimita 10 zuwa 15, don ɓarɓashin ƙarfe dogo ne, in bai sami hanya ba cushewa yake yi.

Mariƙi ba ya gyara mugun baki. Gudun da ya dace da ƙarfe mai laushi kusan mita 25 ne a minti a gefen bakin, wanda ya kama juyi 800 ga milimita 10, kusan 1,300 ga 6, kusan 600 ga 13. A inji mai gudu biyar, bel ɗinka a mataki na ƙasa ko mai bi masa zai zauna. Na sha buɗe murfi in tarar da bel a matakin sama tun ranar da aka sayo injin, baki ya yi shuɗi, yaro yana rataye a hannun injin da dukkan nauyinsa. Dakusasshen baki shi ke sa a danna da ƙarfi, mai dannawa da ƙarfi kuma shi ke zurmawa a ƙarshe. Ka koya musu sauraro: in ramin ya kusa ɓullewa ƙarar tana canzawa, hannu yana yin sauƙi, a nan ake sassautawa a bar bakin ya gama da kansa. In za a yi ramin share fage, ƙarami ya isa, milimita 3 ko 4 ga baki mai 12. Wanda ya huda 10 sannan ya bi da 12 ya gayyaci cizo da kansa.

Tunda shagon walda ne, fayif ba zai rasa zuwa ba. Guntun angul da aka kwantar bakinsa sama, aka tallafe shi da ƙafafu a kan wani filet, ya zama kwari mai digiri 90 da fayif zai kwanta a ciki. Tsinin bakin ya sauka daidai tsakiyar kwarin, harshen matsi ya danne ta sama. Ka tuna fayif sau biyu yake cizo, a bangon sama da na ƙasa. Siririn falle kuwa, irin na fuskar ƙofa, shi ya fi kowa mugunta: tsini yana ɓullewa tun kafin kafaɗun bakin su shiga, ramin ya fito mai kusurwa uku, in ya ƙwace kuma wuƙa ce ke juyawa. A sa shi tsakanin katako biyu a matse a huda su tare, ko a nemi bakin nan mai hawa-hawa kamar tsani. Tagulla ma cizo gare ta. Masu aikinta sukan ɗan dakushe kaifin leɓen bakin da dutse don ya riƙa kankara maimakon nutsewa. Ban san haka ba sai bayan tabona.

Akwai abin da babu mariƙin da zai tare maka. Hunturu na zuwa yara za su zo da rigar sanyi mai dogon hannu, wani har da safar hannu, ranar Juma'a kuma da kaftani. Safar hannu a wajen walda kariya ce, a wajen injin huda tarko ce: baki ya kama zare ɗaya, yatsa ya bi, kuma asibitin ƙashi na Dala ya fi ɗinki tsawon jinya. A naɗe hannun riga, a cire zobe da agogo, carbi ya koma aljihu. Ɓarɓashi da burushi ake share shi, inji a tsaye, ba da tsumma ba, ba da yatsa ba. Tabarau a ido. Murfin bel a rufe. Dokar masana'antu ta 1987 ma ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, ko ba don ita ba fulin da bel ke hawa ba ya tambayar hannun waye. Makullin cok kuma, wato kan injin da ke damƙe bakin diril, kada ka ɗaure shi da sarƙa a jikin inji kamar yadda wasu ke yi don kada ya ɓata. In aka manta shi a ciki aka kunna, sarƙar ce za ta zama bulala. Ka manna masa maganaɗisun tsohuwar sifika a gefen injin ya riƙa zama a kai.

Sai matsalar da ta fi damun mu a nan fiye da waɗanda suka ƙera injunan: ɗauke wuta. Wuta ta tafi ana tsakiyar rami, yaro ya bar makunni a kunne, ya sa hannu yana ciro guntu ko yana share tebur, a dawo da ita ko wani ya tayar da janareta. Ka gwada naka yau: kunna injin, zare filogi, mayar. In ya tashi da kansa, ka sa mai gyaran wuta ya canza maka makunni mai maganaɗisu, mai maɓallin kore da ja, wanda in wuta ta yanke yake sakin kansa, ba ya tashi sai an sake dannawa. Jan maɓallin ya kasance inda hannun hagu zai same shi ba tare da ya ratsa gaban bakin ba.

Kafin ka miƙa wa yara mariƙin, ka yi masa jarrabawa da kanka. Zare filogi. Huda guntu da hannunka ba zai yiwu ba, don haka ɗauki wanda aka riga aka huda, ka matse shi yadda ƙaramin yaronka zai iya matsewa, ba yadda kai za ka yi ba. Buga jelarsa da guduma a hankali ta baya da ta gaba, sannan ka zura sukundireba a ƙarƙashinsa ka gwada ɓanɓarowa sama. In ya motsa, ka duba dunduniya da inda harshen ya sauka kafin ka zargi noti. In bai motsa ba, mayar da wuta, sa bel a gudu mafi ƙasa, ka tsaya gefen dama, ka huda guda biyar, a na biyar ka ƙi sassautawa a ƙarshe da gangan. Abin da kake so ka gani shi ne bel ya zame ko motar ta yi gurnani ta tsaya, guntun yana nan inda ka ajiye shi. Bayan rami 50 na farko ka sake bin bol biyun da suka riƙe filet da tebur da sifana, don girgiza takan kwance su a ranar farko.